Yadda Ake Karanta Alamomin Lissafin Fagen Lantarki

Gabatarwa

Mai karatu na iya tambaya, me ya haɗa malamin ilimin halittu da lissafin lantarki, alhali ga malaman fiziya da suka fi shi sanin kan abin? Dalilin wani abu ne da ya faru a ɗakin gwajinmu. Wani ɗalibina na ajin ƙarshe ya yi makonni uku yana tatso DNA daga ganyen gero iri daban-daban. Ranar da zai rarrabe samfuransa, sai ya ɗiga su cikin ramukan jel, ya haɗa wayoyin na'ura, ya kunna, ya tafi salla. Kafin ya dawo samfuran sun fice ta gefen da bai yi zato ba, sun narke cikin ruwan na'urar. Ashe ya juya wayoyin ne, ta ƙari ya sa a mazaunin ta ragi. Sinadaran da ya yi aiki da su kuwa su ne na ƙarshe da suka rage mana a wannan zango.

Da na tambaye shi ko ya san jimlar F = qE, nan take ya karanto mini ita, domin ya haddace ta tun yana ajin farko. Abin da bai taɓa lura da shi ba shi ne, harafin q yana iya ɗauke da alamar ragi, kuma DNA cajin ragi gare ta. Ya haddace haruffa uku, amma bai taɓa karanta abin da suke faɗa ba.

Manufar wannan maƙala ita ce nuna cewa kowace jimlar lissafi magana ce da aka taƙaita, kuma ana iya warware ta da Hausa kalma bayan kalma. Wanda ya saba yi wa kowace alama tambayoyi uku ba zai ɓata ba: Me take wakilta? Da wane ma'auni ake auna ta? Tana da alƙibla ko ba ta da ita?

Mene ne fagen lantarki?

A lokacin hunturu, idan mutum ya taje busasshen gashi da matajin roba, sa'an nan ya kusanta matajin ga 'yan guntayen takarda, zai ga suna tsalle suna manne masa tun kafin ya taɓa su. Matajin ya sami abin da ake kira caji. Caji iri biyu ne, kuma Benjamin Franklin na Amurka ne ya sa musu alamomin ƙari (+) da ragi (−) a 1747. Iri ɗaya suna korar juna, mabambanta suna jan juna.

To, yaya mataji ke jan takardar da bai taɓa ba? Michael Faraday na Ingila, wanda ya fara rayuwa yana yaron mai ɗinkin littattafai kuma bai yi zurfi a lissafi ba, shi ya kawo tunanin da ake bi har yau. A ganinsa, duk abin da ke da caji yana canza yanayin sararin da ke kewaye da shi, ta yadda duk wani cajin da ya shigo wannan sarari zai ji ana tura shi ko ana jan sa. Wannan yanayi shi muke kira fagen lantarki. Faraday ya riƙa zana shi da layuka masu fitowa daga cajin ƙari suna shiga cajin ragi.

Jimla ta farko

Ma'anar fagen lantarki a lissafi ita ce:

E = F/q

Harafin F yana wakiltar ƙarfin turi ko ja, ana auna shi da niyuton, mai alamar N. Harafin q shi ne yawan cajin da aka ajiye a wurin domin gwaji, ana auna shi da kulam, mai alamar C. Layin da ke tsakaninsu yana nufin rabawa, amma ya fi kyau mai karatu ya karanta shi da "a kan kowane". Jimlar ke nan tana cewa: ƙarfin fage a wani wuri shi ne yawan turin da kowane kulam ɗaya na caji zai ji idan aka ajiye shi a wurin. Saboda haka ma'aunin E shi ne N/C, wato niyuton a kan kowane kulam.

Idan aka juya jimlar sai ta koma F = qE, wadda ɗalibina ya haddace. A nan ne tambaya ta uku take aiki. A littattafai za a ga an ɗora 'yar kibiya a kan E da F, ko an buga su da baƙi mai kauri. Wannan yana nufin suna da girma kuma suna da alƙibla, kamar iska, wadda ba ya isa a ce tana da ƙarfi sai an faɗi inda ta dosa. Irin wannan adadi ana ce masa bekta. Harafin q ba shi da kibiya, domin caji ba shi da gabas ko yamma. Abin da yake da shi kawai shi ne alamar ƙari ko ta ragi. Bahaushe bai kamata ya raina irin wannan ƙaramin zane ba, tun da ya san lanƙwasa ɗaya ce ta raba "kafa" da "ƙafa", ta raba "bata" da "ɓata".

An yi ittifaƙi cewa alƙiblar E ita ce inda za a tura cajin ƙari. Idan q na ƙari ne, F da E suna fuskantar wuri ɗaya. Idan q na ragi ne, alamar ragin tana juya kibiyar, sai turin ya saɓa wa fagen. A cikin na'urar jel, fage yana tafiya daga wayar ƙari zuwa wayar ragi, ita kuwa DNA tana tafiya akasin haka, zuwa wayar ƙari. Shi ya sa ake ajiye ramukan samfur a gefen ragi, domin DNA ta sami doguwar hanyar da za ta rarrabu a cikinta. Asarar makonni ukun nan tana cikin wannan 'yar alama.

Dokar Coulomb da abin da ke ƙarƙashin layi

A 1785 Charles-Augustin de Coulomb, injiniyan sojan Faransa, ya auna ƙarfin da ke tsakanin ƙananan ƙwallaye masu caji. Daga dokarsa ake samun fagen da caji guda yake haifarwa:

E = kQ/r²

Da farko a lura an rubuta babban Q. Marubuta da yawa suna amfani da babban Q ga cajin da ya haifar da fage, ƙaramin q kuma ga cajin da ke jin fagen. Harafin r shi ne nisa daga cajin, da mita. Ƙaramin 2 da ke bisa kafaɗarsa yana nufin r sau r. Da yake r² yana ƙarƙashin layi, duk sa'ad da nisa ya ƙaru fage yana raguwa, kuma da sauri: idan nisa ya ninka sau 2, fage zai koma kashi ɗaya cikin 4, idan ya ninka sau 3, zai koma kashi ɗaya cikin 9.

Shi kuwa k adadi ne da ba ya canzawa, kimanin 9 × 10⁹ a ma'aunan da muke amfani da su, wato 9 da sifiri tara a bayanta. Alal misali, a ce wani ɗan ƙwallo yana da cajin 10⁻⁹ na kulam, wato kashi ɗaya cikin biliyan. A nisan santimita 10, wato mita 0.1, fagen zai zama 9 a raba da 0.01, wato 900 N/C. A nisan santimita 20 zai sauko zuwa 225 N/C. Kuskuren da na fi gani a takardun jarrabawa shi ne ɗalibi ya saka 10 a mazaunin r ba tare da ya mayar da santimita zuwa mita ba, sai amsarsa ta kauce da ninki 10,000.

A wasu littattafan ba za a ga k ba, sai a ga 1/4πε₀. Abu ɗaya ne. Alamar π ita ce ta da'ira da aka sani, kimanin 3.14, kuma 4π ya shigo ne domin faɗin fatar ƙwallo shi ne 4πr², fagen kuwa yana bazuwa ta kowace fuska kamar ƙwallo mai kumbura. Alamar ε harafin Girkanci ne, sunansa efsilon. Ƙaramin sifirin da ke gindinsa ba a lissafa shi, laƙabi ne kawai mai nufin "a sararin da babu komai". Adadinsa kimanin 8.85 × 10⁻¹² ne.

Wannan harafi yana da muhimmanci ƙwarai ga mai nazarin halittu. Idan caji yana cikin ruwa, ε yana ninkuwa kimanin sau 80, kuma tun da yana ƙarƙashin layi, jan da ke tsakanin caji biyu yana raguwa da wannan ninki. Wannan na daga cikin dalilan da gishiri ke narkewa a ruwa: riƙon da sodiyam da kulorin suka yi wa juna yana sassauta, kowanne ya kama gabansa. A cikin mai kuwa ninkin bai wuce wajen 2 zuwa 3 ba, shi ya sa gishiri ba ya narkewa a man gyaɗa, kuma shi ya sa tantanin ƙwayar halitta, wanda da kitse aka gina shi, yake iya tare waɗannan ƙwayoyi masu caji.

Bolt da mita: tudu da gangarensa

Akwai wata hanyar auna fage wadda ta fi kusa da aikin yau da kullum:

E = −ΔV/Δx

Harafin V yana wakiltar boltej, wanda ake auna shi da bolt. Hausa ba ta da harafin V, shi ya sa muke furta "bolt", amma alamar V ɗin muke rubutawa, domin daga sunan Alessandro Volta na Italiya aka ɗauko ta, mutumin da ya ƙera batir na farko a 1800. Alamar Δ sunanta delta, ma'anarta "bambanci". Ba a ninka ta da harafin da ke bayanta. ΔV kalma ɗaya ce mai nufin bambancin boltej tsakanin wurare biyu, Δx kuma nisan da ke tsakaninsu.

A ɗauki boltej kamar tsayin tudu, fage kuma kamar tsananin gangarensa. Tudu mai tsayin mita 10 wanda ya sauka a hankali cikin kilomita ɗaya ba ya wahalar da jaki, amma idan ya sauka cikin taku biyar ya zama gaɓa mai kisa. Alamar ragin da ke gaba tana cewa fage yana fuskantar gangare, daga boltej mai yawa zuwa mai kaɗan. Ma'aunin a nan shi ne V/m, bolt a kan kowace mita, kuma daidai yake da N/C.

Yanzu mu shiga jikin mutum da wannan jimla. Ƙwayar jijiya da ke hutawa tana da boltej na kimanin −70 mV, wato cikinta ya yi ƙasa da wajenta da milibolt 70, ko bolt 0.07. Wannan bai kai kashi ɗaya cikin 20 na batirin tocila mai bolt 1.5 ba. Amma kaurin tantanin da ya raba ciki da waje kimanin nanomita 7 ne kawai, wato 7 × 10⁻⁹ na mita. Idan aka raba 0.07 da wannan adadi za a sami 10⁷, wato bolt miliyan 10 a kan kowace mita. Domin kwatance, busasshiyar iska tana fashewa da tartsatsi idan fage ya kai wajen bolt miliyan 3 a kan mita. Ke nan fagen da ke ratsa tantanin jijiyar mai karatu a wannan lokaci ya ninka wannan sau uku. Tudun gajere ne, gangarensa ne mai tsanani.

Tun da ciki ne ke da ragi, kibiyar E tana fuskantar cikin ƙwayar. Sodiyam mai cajin ƙari, wanda q ɗinsa 1.6 × 10⁻¹⁹ ne na kulam, yana jin turin kimanin 1.6 × 10⁻¹² na niyuton zuwa ciki. Da zarar ƙofofin da ke jikin tantanin sun buɗe sai ya kwarara, saƙo ya tashi ya bi jijiya. Alan Hodgkin da Andrew Huxley ne suka bayyana wannan da lissafi a 1952, aikin da ya kai su ga kyautar Nobel a 1963.

Haruffa masu fuska biyu

Haruffan boko da na Girkanci ba su isa a ba kowane abu nasa ba, don haka harafi ɗaya yakan yi aiki da yawa. Wannan shi ne babban ramin da ɗaliban ilimin halittu suke faɗawa.

A littafin fiziya E fage ne. A littafin aikin jiki kuwa, a jimlar da Walther Nernst na Jamus ya fitar a 1889, E boltej ne. Idan aka ga E mai ƙaramin K a gindinsa an ce −90 mV, ana maganar boltej ɗin da fotasiyam zai daidaita a kansa. A jimlar Einstein da kowa ya sani, E makamashi ne. Haka F: a nan ƙarfi ne, amma a jimlar Nernst adadin Faraday ne, kimanin kulam 96,485 a kan kowane mol. Harafin C yana iya zama kulam, ko sinadarin kabon, ko ma'aunin zafi. Babban K yana iya zama fotasiyam ko ma'aunin zafi na kelbin. Ƙaramin k kuma yana iya zama na Coulomb, ko "kilo", wato dubu. Ƙaramin m a ƙarshen V/m mita ne, a farkon mV kuwa "mili" ne, kashi ɗaya cikin dubu. Babban M a MV kuma miliyan ne. Tsakanin mV da MV akwai ninki biliyan ɗaya.

Masu ɗab'i suna da ƙa'idar da ke taimakawa: harafin da ke wakiltar abin da ake aunawa ana buga shi a karkace, na ma'auni kuwa a miƙe. Amma a kan allo da alli wannan bambanci yana ɓacewa. Abin da ba ya ɓacewa shi ne ma'auni. Idan amsa ta fito da bolt kaɗai, wannan E ba fage ba ne. Idan ta fito da bolt a kan mita, fage ne. Matambayi ba ya ɓata, kuma ma'auni shi ne wanda za a fara tambaya.

Manyan alamomin da ke tsorata ɗalibai

Akwai wasu alamomi da ganinsu kaɗai ke sa ɗalibi ya rufe littafi. Ta farko ita ce Σ, sigma, wadda ke cewa "tara su duka". Idan caji da yawa suna wuri ɗaya, fagen da ke wurin shi ne jimillar fagagensu, amma a tuna kibiyoyi ake tarawa: biyu masu girma ɗaya da ke fuskantar juna suna soke juna. Ta biyu ita ce ∫, wadda Gottfried Leibniz ya fara amfani da ita a 1675. Harafin S ne aka ja shi ya yi tsawo, kuma aikinsa tarawa ne, sai dai na gutsattsarin da suka yi ƙanƙanta ainun. Idan aka sa masa da'ira a ciki, ∮, ana nufin a tara a kan fatar da ta rufe ruf, kamar ta ƙwarya biyu da aka kifa. Da wannan za mu iya karanta dokar Carl Friedrich Gauss:

∮ E · dA = Q/ε₀

A nan dA ɗan guntun fata ne ƙarami. Ɗigon da ke tsakani yana cewa a ɗauki ɓangaren fagen da ya huda fatar kai tsaye, a bar wanda ya shafe ta ya wuce. Masunci ya san wannan: ragar da ta tare kogi a gicciye ruwa mai yawa ke ratsa ta, wadda aka shimfiɗa bisa tsawon kogi kuwa ruwa gefenta yake bi. Jimlar duka tana cewa: yawan fagen da ke fita daga rufaffen wuri ya dogara ne kawai ga cajin da ke cikinsa. Wani lokaci akan taƙaita ɓangaren hagu da harafin Φ, fai. Akwai kuma ∇ · E = ρ/ε₀, inda ∇, mai suna nabla, tare da ɗigon suke auna yadda fage ke ɓuɓɓugowa daga wuri guda, ρ kuma cunkoson caji ne a wurin. Magana ɗaya ce da ta Gauss, an faɗe ta ne game da ɗigon wuri maimakon ɗaki guda.

Ya kamata a san cewa mutane ne suka tsara waɗannan alamomi domin sauƙi. James Clerk Maxwell, wanda ya mayar da zane-zanen Faraday lissafi, ya rubuta jimloli 20 a 1865. Oliver Heaviside ne ya taƙaita su zuwa huɗun da ake koyarwa, a tsakiyar shekarun 1880, ta hanyar amfani da rubutun bekta.

Shaida daga kogunanmu

Masuntan Kwara da Binuwai da Tafkin Chadi sun san kifaye biyu da ke nuna bambancin V da E. Na farko shi ne minjirya, wadda girgizarta kan kai wajen bolt 350, tana sumar da ƙananan kifaye da ita. Na biyu shi ne ɗan sarki, wanda wasu ke kira yauni. A 1951 Hans Lissmann na Jami'ar Kambirij ya gano cewa wannan kifi yana fitar da lantarki mai rauni daga wutsiyarsa, wajen sau 300 a daƙiƙa ɗaya, ba dare ba rana. A kowane bugu wutsiyar tana zama ragi idan aka kwatanta da kai, sai fage ya kewaye jikinsa, kamar zanen Faraday na caji biyu mabambanta. Duk abin da ya shigo fagen, dutse ko kifi, yana lanƙwasa layukan, fatar kifin kuma tana jin canjin. A 1958 Lissmann da Ken Machin suka nuna cewa kifin yana iya bambance tukwane biyu masu kama ɗaya ta abin da aka ɓoye a cikinsu. Da haka yake gane hanya a ruwa mai laka, har ya yi iyo da baya ba tare da ya yi karo ba. Minjirya tana farauta da yawan boltej. Ɗan sarki yana gane duniyarsa ta ƙananan canje-canjen fage.

Kammalawa

Shawarata ga ɗalibi ita ce, duk jimlar da ya tarar, kada ya fara saka lambobi. Ya jera haruffanta a gefen takarda, ya rubuta ma'anar kowanne da Hausa, da ma'auninsa, da ko yana da kibiya ko alamar ragi. Sa'an nan ya karanta jimlar da baki kamar yana yi wa ƙaninsa bayani. Idan ya kasa faɗin ta da Hausa, to bai gane ta ba tukuna, ko da ya haddace ta.

Ɗalibin nan nawa ya jira har zango na gaba kafin mu sami sinadarai, ya sake tatso samfuransa. Ranar da zai kunna na'ura na same shi ya zana kibiyoyi biyu a kan takarda ya manna a jikin teburin, ɗaya ya rubuta mata E, ɗayar mai fuskantar akasinta ya rubuta mata DNA. Takardar tana nan manne, ɗaliban da suka biyo bayansa suna duba ta kafin su haɗa waya.